"Bari mu gani zuwa gobe": ra'ayi kan jinyar kare da kyanwa

Duk lokacin da aka ta da zancen kai kare ko kyanwa asibiti saboda babban ciwo, nan take mutane ke rabuwa gida biyu. Wasu su ce ai dabba ce, me ya yi zafi har za a yi mata tiyata. Wasu kuma su ce ko nawa ne a kashe, in dai za ta rayu. Sai a ɓata lokaci ana musu a kan kuɗi. Ni a ganina duka ɓangarorin sun bar inda gizo ke saƙa. Abin da ya fi halaka waɗannan dabbobi jinkiri ne, kuma jinkiri ba ruwansa da aljihu: mai hali yana yi, marar hali ma yana yi. Maganar da ake fakewa da ita ma ɗaya ce kullum: "bari mu gani zuwa gobe."

A dubi muzuru. Hanyar fitsarinsa siririya ce ƙwarai, musamman can wajen ƙarshe, don haka 'yar tsakuwa, ko daskararriyar majina da ta haɗu da ɓarɓashin gishirin fitsari, tana iya toshe ta ƙam. Za ka ga yana zuwa inda ya saba fitsari, ya tsuguna, ya yi ta nishi, ya tashi babu ko ɗigo, ko kuwa ɗigo biyu jajaye. Ya juya ya lashi gabansa, ya ɗan zaga, ya dawo ya sake tsugunawa. Mai shi ya leƙa ya ce ai bayan gida ne ya ƙi fita, zai warware. Washegari ya ƙaurace wa abinci, ya fara amai, ya nemi lungu ya kwanta. In ka shafa ƙasan cikinsa za ka ji mafitsara ta cika ta yi tauri, shi kuwa ya ƙwala ƙara. Abin da ke gudana a ciki shi ne fitsari ya rasa mafita ya danne ƙoda, ƙoda ta daina tace jini, sinadarin fotasiyam ya yi ta taruwa, kuma in ya yi yawa bugun zuciya yake rikitawa har ta tsaya cak. Tsakanin toshewa da mutuwa kwana biyu ne zuwa uku. Aikin da likita zai yi a ranar farko kuwa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: a sa shi barci, a zura siririyar roba a buɗe hanya, a wanke mafitsara, a ɗaura masa ƙarin ruwa, a riƙe shi kwana ɗaya ko biyu. Mafi yawan waɗanda aka kai da wuri suna komawa gida da ƙafarsu. A rana ta uku aikin ya fi wuya, ya fi tsada, kuma sau da yawa ba ya amfani.

Ban ɗora wa masu dabbobi laifin duka ba, domin dabbar kanta tana ɓoye ciwo. Kare ya ɗan fi nunawa. Kyanwa kuwa gwana ce wajen rufin asiri: ita mafarauciya ce amma ƙarama, akwai waɗanda ke farautarta ita ma, saboda haka nuna rauni ba ya cikin ɗabi'arta. Ba za ta yi ta kuka ba. Za ta daina hawa inda ta saba hawa, ta daina lashe jikinta, ta zauna a dunƙule. A 2019 masu bincike a Jami'ar Montreal ta Kanada suka fitar da ma'aunin karanta zafin ciwo a fuskar kyanwa, kuma abubuwa biyar kawai ake dubawa: kunnuwa sun kwanta sun juya gefe, idanu sun tsuke, baki ya ɗaure, gashin baki ya miƙe ya daina lanƙwasa, kai ya sauka ƙasa da kafaɗa. Duk wanda ke zaune da kyanwa zai iya koyon wannan a zama ɗaya. A haɗa da ɗaga leɓe a dubi dasashi, a kare ko a kyanwa: in ya yi fari fat, ko ya koma shuɗi-shuɗi, ko ɗorawa, ba maganar gobe ba ce.

Abin da ya fi jinkirin muni shi ne abin da ake cike shi da shi. Mutum ya ga dabbarsa na jin jiki, tausayi ya kama shi, ya buɗe ledar magungunansa. Farasitamol ɗin da muke haɗiya ba tare da tunani ba guba ne ga kyanwa. Hantarta ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da shi, sai ya lalata ƙwayoyin jini su kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ibufurofen da dikulofenak suna huda tumbin kare su kuma lalata masa ƙoda. Maganin kaska da ƙuma na karnuka mai ɗauke da fametirin, in aka ɗiga wa kyanwa, karkarwa da farfaɗiya yake jawowa. Likitoci suna da magungunan kashe zafi da aka auna don waɗannan dabbobi, kuma galibi ba su ne masu tsada a cikin lissafin ba.

Yanzu ga abin da nake so a rarrabe, domin a nan ra'ayina yake. Manyan cututtuka da raunukan kare da kyanwa iri biyu ne. Akwai waɗanda in an yi magani dabbar ta warke sarai ta ci gaba da rayuwarta shekaru. Akwai kuma waɗanda maganin watanni kawai yake saya. Mutane suna cuɗa su wuri ɗaya, sai ka ga an yi ƙwauro a inda ya kamata a yi hanzari, an kuma yi ta zuba dukiya da wahalar da dabba a inda ya kamata a tsaya a yi tunani.

Iri na farko ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Cutar fabo, wadda ta ɓulla a karnuka a 1978 ta game duniya cikin ɗan lokaci, tana cinye bangon hanjin kwikwiyo, ta kuma shiga ɓargo ta karya garkuwar jiki. Amai, zawo mai jini da wari mai tayar da zuciya, bushewar jiki. In aka bar shi, kusan tara cikin goma mutuwa suke yi. In aka kwantar da shi aka ba shi ƙarin ruwa, da maganin tsayar da amai, da maganin ƙwayoyin cutar da ke tsallakowa daga hanji zuwa jini, lissafin juyawa yake yi: takwas ko tara cikin goma su tashi. Jinyar ba ta cika wuce mako guda ba, kuma kwikwiyon da ya tsallake yana da shekara goma ko fiye a gabansa. Rigakafin, wanda ake farawa yana da mako 6 zuwa 8 a maimaita har ya kai mako 16, ya fi komai sauƙi, amma wannan wata magana ce.

Haka ruɓar mahaifa a karyar da ba a cire wa mahaifa ba. 'Yan makonni bayan ta gama lokacin barbara, mahaifa ta cika da mugunya. Wani lokaci mugunyar na fitowa a gani, wani lokaci bakin mahaifar a rufe yake, sai dai a ga tana ta shan ruwa, ta ƙi abinci, ta yi laushi. Alƙaluman kamfanonin inshorar dabbobi na Suwidin sun nuna kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na irin waɗannan karnuka na kamuwa kafin su cika shekara 10. A cire mahaifar, ta warke. A bar ta, mahaifar ta fashe a ciki ko guba ta shiga jini. Sai murɗewar tumbi a manyan karnuka masu zurfin ƙirji: tumbi ya cika da iska ya juya ya shaƙe jijiyoyinsa, kare ya yi ta yunƙurin amai babu abin da ke fita sai yawu, ciki ya ɗaure kamar ganga. Wannan ma ba kwanaki ake lissafawa ba, awanni ne. Shinkafar ɓera irin mai hana jini daskarewa ita ce ta fi yaudara, domin karen da ya ci ta zai yi kwana 3 zuwa 5 garau kafin jini ya fara zuba a cikinsa. In an kai shi cikin awa ɗaya ko biyu a sa shi amai. In an makara kaɗan, bitamin K1 na wasu makonni yana ceto. Mai cewa "ai ga shi nan lafiyarsa lau" shi ke kashe shi.

Batun haɗarin mota ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Ido yana zuwa kan ƙafar da ta karye domin ita ake gani, alhali ba karaya ke kisa a daren farko ba. Huhu da ya ƙuje, ko tantanin da ya raba ƙirji da ciki da ya yage, ko saifa mai zubar da jini, ko mafitsarar da ta fashe, su ne masu kisa, kuma dabba na iya miƙewa ta yi tafiya da kowanne daga cikinsu. Shi ya sa likitan kirki ke fara duba numfashi da jini ya bar ƙashi sai daga baya, ko da mai dabbar na ta nuna masa ƙafa. A kuma sani cewa kare mafi ladabi yana cizon ubangidansa in ciwo ya kai masa iya wuya, don haka a ɗaure masa baki da tsumma kafin a ɗauke shi, sai fa in numfashi na yi masa wuya. Ɗorin gida kuwa, bandejin da aka tamke da ƙarfi yana iya kashe ƙafar da da ta warke. Ba kowace karaya ce ke buƙatar ƙarfe da kusoshi ba: kyanwa da yawa masu karayar ƙugu suna warkewa da hutu a ɗan keji na kimanin mako shida, da maganin zafi. Hoton ƙashi ne zai nuna wacce ce wacce.

Akwai masu cewa su ba kuɗi ke hana su ba, tsoron allurar barci ne, kada dabbar ta tafi ba ta dawo ba. Tsoron yana da tushe, amma an auna shi. Wani babban bincike da David Brodbelt ya jagoranta a Birtaniya, aka wallafa a 2008, ya bi diddigin karnuka kusan 98,000 da kyanwoyi kusan 79,000. A cikin masu ƙoshin lafiya, kare ɗaya cikin kimanin 1,850 ne ya mutu sanadin allurar, kyanwa kuma ɗaya cikin kimanin 900. A cikin waɗanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu, ɗaya ne cikin saba'in da ɗoriya. Duk kwanan da aka ƙara ana jira, ana matsar da dabbar ne daga layin farko zuwa na biyu.

Na san maganar da ke bakin wani mai karatu tun ɗazu: mutane ma ba su samu magani ba, ana zancen kare. Ba zan yi watsi da ita ba. Babu mai hankalin da zai ce mutum ya hana 'ya'yansa abin buƙata don ya yi wa kyanwa tiyata, kuma wanda ya zaɓi iyalinsa bai yi abin kunya ba. Sai dai maganar takan zama mafaka ga wanda ko kai dabbar a duba ta bai yi ba, bai ma san ko abin da ake buƙata allura biyu ce ba. Babu wanda ya tilasta maka ajiye ta. Ranar da ka kawo ta gida ka ɗauki amana, domin ka mayar da ita halittar da ba ta da wata dabara sai kai. (Wanda ke son lissafin wa ke bin wa bashi ya tuna cewa a jikin karnuka Frederick Banting da Charles Best suka gwada insulin, maganin ciwon sukari, a Toronto a 1921, kuma tsakanin kare da kare Richard Lower ya yi ƙarin jini a Ingila tun 1665.) Amanar ba ta ce sai ka ceci ranta ta ko halin ƙaƙa ba. Ta dai hana ka zuba mata ido tana shan azaba.

Iri na biyu, wanda maganin watanni kawai yake saya, shi ne inda nake rabuwa da masu "ko nawa ne a kashe". Sankarar ƙashi a manyan karnuka misali ce mai kyau. Zafinta yana da tsanani, kuma lokacin da aka gano ta, a kusan tara cikin goma ta riga ta aika 'ya'yanta huhu ko da hoto bai nuna ba. In aka yanke ƙafar kawai, tsaka-tsakin abin da ake samu wata 4 zuwa 5 ne. In aka haɗa da allurar kashe ƙwayoyin sankara, wata 10 zuwa 12. Sankarar jijiyoyin jini da ke kama saifa ta fi haka muni: a cire saifar, a samu wata ɗaya zuwa uku. Sankarar kaluluwa ta ɗan fi sassauci. In ba a yi komai ba, mako 4 zuwa 6. In aka yi cikakken magani na kimanin wata biyar ko shida, takwas ko tara cikin goma kumburin yana ɓacewa su koma kamar ba su taɓa ciwo ba, tsaka-tsakin rayuwa ya kai shekara guda, amma kusan duka ciwon na dawowa. "Tsaka-tsaki" a bakin likita na nufin rabi sun wuce wannan lokaci, rabi ba su kai ba, kuma kowane mai kare yana jin kamar nasa yana cikin rabin farko.

Ba ina cewa kada a yi ba ne. Karnuka suna jure wannan magani fiye da mutane, domin da gangan ake rage musu ƙarfinsa. Yawancinsu gashi ba ya zubewa, kaɗan ne ke galabaita har a kwantar da su. Yanke ƙafa kuma, wanda ya fi tayar wa masu karnuka hankali, shi ne sau da yawa jinƙai mafi girma. Ƙafar da sankara ke ci daga ciki ta daɗe da daina amfani, karen ya riga ya koyi tafiya da uku, kuma cikin 'yan kwanaki da cire ta za ka ga ya koma cin abinci da kaɗa wutsiya. Abin ya fi wuya ga ƙato mai ƙiba da aka cire wa ta gaba, tunda kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin kare a ƙafafun gaba yake. Amma bai damu da yadda ake kallonsa ba. Mu ne ke jin wannan kunyar a madadinsa.

Abin da nake cewa shi ne ma'aunin mutum ba ya aiki a nan. Mutumin da ke shan wahalar magani ya san dalili. Yana iya cewa zan jure wata shida don in ga 'ya'yana sun girma, yana iya cewa a daina, na gaji. Dabba ba ta san ana saya mata lokaci ba. Abin da ta sani shi ne yau: an saka ta a mota, an riƙe ta, an soka mata allura, cikinta na juyawa. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce, a cikin watannin da za a saya, kwana nawa ne za ta ci ta sha ta yi barci lafiya ta tarbi mai gida, kwana nawa ne kuma za su tafi a wahala? Amsar tana canzawa daga dabba zuwa dabba. Akwai karen da zuwa asibiti yawon shaƙatawa ne a wurinsa. Akwai kyanwar da da zarar ta ga kwandon tafiya za ta yi fitsari a tsaye don tsoro, ta kwana biyu a ƙarƙashin gado. Jadawalin magani ɗaya, ga na farko alheri ne, ga ta biyu zalunci. Mai ita ne ya san wannan, ba likita ba, kuma ya kamata ya faɗa.

Akwai iyakar da ni ba zan tsallaka ba. Tun 1987 ake yi wa kyanwa dashen ƙoda, an fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis. Ana ɗauko ƙodar ne daga wata lafiyayyar kyanwa, kuma asibitocin da ke yi sukan sharɗanta wa mai marar lafiyar ya riƙe mai bayarwar har ƙarshen rayuwarta. Sharaɗin ya nuna su ma sun san akwai abin dubawa. An yi wa lafiyayyar dabba tiyata, an rage mata gaɓa, ba don amfaninta ba, kuma ba ta da bakin cewa a'a. Wadda aka dasa wa kuma za ta rayu a kan maganin danne garkuwar jiki har ta mutu. Alhali ciwon ƙoda na tsufa, wanda ya zama ruwan dare a tsofaffin kyanwoyi, ana lallaɓa shi watanni har shekaru da abinci mai ƙarancin fosfaras, da maganin hawan jini, da ruwan da ake zurawa ƙarƙashin fata wanda mai ita ma zai iya koya.

Layin da ya raba iri biyun nan ba a tsaye yake ba, kuma wannan ma dalili ne na zuwa wurin likita maimakon dogara da abin da aka ji shekarun baya. Cutar da likitoci ke kira FIP, wadda wani nau'in ƙwayar korona ta kyanwa ke jawowa, ta daɗe tana nufin mutuwa babu makawa: 'yar kyanwa ta rame, zazzaɓi ya ƙi sauka, ciki ya cika da ruwa mai yauƙi ruwan ɗorawa. A 2019 Niels Pedersen da abokan aikinsa suka wallafa gwajin wani magani mai suna GS-441524 a kan kyanwoyi 31, na tsawon mako 12, kuma 25 suka rayu suka ci gaba da harkarsu. Shekaru suka shuɗe masu kyanwoyi na sayen maganin ta bayan fage kafin likitoci su samu damar rubuta shi a Birtaniya a 2021, a Amurka kuma a 2024. Har yau akwai masu jin sunan cutar su sallama.

Likitocin ma akwai abin da ake bin su. Sana'ar ta fara ne da dawaki da shanu, tun makarantar da Claude Bourgelat ya kafa a birnin Lyon na Faransa a 1761, kuma sai a baya-bayan nan kare da kyanwa suka samu na'urorin hoto da ɗakunan tiyata irin na mutane. Da kayan aiki suka yawaita, sai aka samu wata ɗabi'a ta gabatar da hanya mafi tsada kamar ita kaɗai ce, in mutum ya yi jim a dube shi kamar marar imani. A Birtaniya, hukumar da ke kula da gasar kasuwanci ta buɗe bincike a 2024 bayan ta gano cewa manyan kamfanoni shida sun mallaki kusan kashi 60 cikin 100 na asibitocin dabbobi, daga kimanin kashi 10 a 2013, kuma masu dabbobi da yawa ba sa samun bayanin farashi kafin a fara aiki. Ban ce likitocin mugaye ba ne. Yawancinsu son dabbobi ya kai su, kuma aikin na cin rai. Amma mutumin da aka nuna masa ƙofa ɗaya tak, wadda ba zai iya shiga ba, gida zai koma da dabbarsa, kuma ba zai sake dawowa ba.

Alhali kusan kullum akwai matakala. A Jami'ar Jihar Kolorado an gwada jinyar fabo ba tare da ɗaura ƙarin ruwa dare da rana ba: bayan an farfaɗo da kwikwiyon, sai a ci gaba da ruwa ƙarƙashin fata da allurai. Kashi 80 cikin 100 suka rayu, a kan kashi 90 na waɗanda aka yi wa cikakkiyar jinya. Bambancin ba ƙarami ba ne, amma ina 80 ina 10 da ke tsira in an bar su babu magani. Ƙafar da ta ragargaje, in babu halin ƙarfe, a cire ta, dabbar ta rayu. Sankarar kaluluwa, in babu halin dogon magani, ƙwayoyin firedinisolon masu araha suna ba da wata ɗaya ko biyu na jin daɗi. Mai dabba ya faɗi iyakar ƙarfinsa tun a zaman farko ba tare da jin nauyi ba, ya kuma yi tambaya uku: in an yi, me za a samu, warkewa ko lokaci? In ba a yi ba, yaya ƙarshen zai kasance? Akwai wata hanya a tsakani? Likitan da ya ji haushin waɗannan tambayoyi, a nemi wani.

Sai matakalar ƙarshe, wadda ba a son ambata: hutar da dabba. Ana fara ba ta abin da zai kwantar mata da hankali, sannan a zura maganin barci mai ƙarfi, fentobabital, fiye da kima a jijiya. Hankalinta ya gushe cikin daƙiƙu, numfashi da zuciya su tsaya cikin minti ɗaya ko biyu. Idanu ba sa rufewa, wani lokaci jiki ya yi ajiyar zuciya ɗaya bayan rai ya fita, ko fitsari ya zubo. Gara a san wannan tun kafin a shiga ɗakin. A 2004 wata likitar sankarar dabbobi a Amurka, Alice Villalobos, ta tsara ma'auni mai sauƙi don taimaka wa masu yanke wannan hukunci: zafin ciwo, ci, sha, tsabtar jiki, walwala, iya motsi, da ko kwanaki masu daɗi sun fi marasa daɗi yawa. Amfaninsa shi ne yana sa mutum ya rubuta abin da ya gani kullum, domin wanda ke tare da dabba dare da rana ba ya lura da yadda take zaizayewa, kuma yini ɗaya da ta ɗan lasa abinci yana shafe masa mako guda na wahala.

Akwai waɗanda zuciyarsu ba ta yarda da wannan mataki ba, kuma ina girmama hakan, da sharaɗin su ɗauki nauyin abin da ya biyo baya: maganin zafi na gaske daga likita, a kan lokaci, da juya ta, da share ta, da kwana a kanta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce "a bar ta ta mutu da kanta" a kuma juya baya, ko a kwashe ta a kai nesa a ajiye don kada a gani. Mutane suna ɗauka mutuwar da ba a sa hannu ba barci ce. A ciwon ƙoda, kwanaki ne na tashin zuciya da gyambon baki, wani lokaci da farfaɗiya. A ciwon zuciya, ruwa ne ke cika huhu, kare ya kasa kwanciya, ya kwana a zaune da wuya a miƙe yana neman iska. A sankarar ƙashi kuwa, ƙashin yana iya ɓallewa da kansa yayin da kare ke saukowa daga kan tsani.